Yadda na koyi zama da ciwon suga ta hanyar tsara abinci

Na haura shekara 45 a duniya lokacin da likita ya tabbatar mini cewa ina ɗauke da ciwon suga nau'i na biyu, kuma abin da ya sa na ga dacewar rubuta labarina shi ne na san akwai mutane da yawa da aka faɗa musu irin wannan magana, suka koma gida da takardar magani a hannu, amma ba su san abin da za su ɗora a wuta washegari ba. Kafin a kai ga gwaji na daɗe ina fama da ƙishirwar da ruwa ba ya kashe ta, da yawan tashi fitsari cikin dare, da wata kasala mai nauyi da take saukar mini bayan cin abinci har sai na nemi wurin kishingiɗa. Duk waɗannan na ɗora su a kan ɗawainiyar gida da ta wurin aiki, sai da ganina ya fara yin dishi-dishi sannan maigidana ya matsa mini lamba muka tafi asibiti.

An ɗebi jinina da safe kafin in karya, sakamako ya nuna sugan jinina ya kai 212 a ma'aunin mg/dL, alhali daga 126 zuwa sama, wato 7.0 a ma'aunin mmol/L, ake lissafa mutum cikin masu ciwon idan an maimaita gwajin ya tabbata. Gwaji na biyu, wanda ake kira HbA1c, shi ne ya fi tayar mini da hankali bayan an yi mini bayaninsa. Sugan da ke yawo a jini yana manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma waɗannan ƙwayoyi suna rayuwa kimanin kwana 120, saboda haka gwajin yana nuna matsakaicin yadda suga ya kasance a jikin mutum cikin wata biyu zuwa uku da suka gabata, kuma ba a yi masa wayo da ƙauracewa abinci na yini ɗaya. Nawa ya kai kashi 9.4 cikin ɗari, iyakar kuwa 6.5 ce. Likitan ya warware mini dalilin ƙishirwar da ta dame ni, inda ya ce idan suga ya haura kimanin 180 ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya janyo ruwan jiki ya fita da shi. Daga nan ya rubuta mini metformin, maganin da babban aikinsa shi ne rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, ya ce in kula da abinci, sannan ya kira mara lafiya na gaba.

Da labari ya bazu a dangi, sai kowa ya zama likita. Duk wanda ya zo duba ni yana da wani nasa mai ciwon, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Wannan ya ce in daina cin shinkafa, wancan ya ce burodi da taliya da dankali sun haramta gare ni, wata ta ce 'ya'yan itace guba ne, wata kuma ta ce zuma ba ta da illa saboda ba a masana'anta aka yi ta ba. Da na tattara shawarwarin gaba ɗaya, sai na tarar ba a bar mini komai ba face ganye da ruwa. Haka na riƙa yini da yunwa, ina dafa wa mutanen gida abinci ina kawar da kai, amma da zarar dare ya yi sai haƙurina ya ƙare, in ci abin da ya fi wanda na bari da rana yawa, gari ya waye ina cikin damuwa. Daga baya na fahimci cewa tunanin da ke cewa yunwa ce maganin mai ciwon suga tsohon tunani ne. Kafin Frederick Banting da Charles Best su gano insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, wani likitan Amurka mai suna Frederick Allen ya yi suna da tsare marasa lafiya a kan abinci ɗan ƙalilan domin ya ja musu kwana, kuma a wancan zamani babu wata dabara da ta fi wannan. Zamanin ya wuce, amma tsoron da ya bari yana nan a bakunan mutane.

Sauyi ya zo ne a ranar da aka tura ni wurin wata ƙwararriya kan abinci da gina jiki. Ina zama na fara jero mata abubuwan da na daina ci, ina jiran ta yaba mini, sai ta dakatar da ni ta ce, “Hajiya, ban tambaye ki abin da kika bari ba. Faɗa mini abin da kika ci jiya tun daga safe har kika kwanta, da lokacin da kika ci shi, kada ki ɓoye mini komai.” Da na gama lissafa mata, sai ta ɗauko farar takarda ta zana da'ira mai faɗin inci 9, kimanin santimita 23, ta ce wannan shi ne farantina daga yau. Ta tsaga shi biyu, ta ce rabi na ganyaye da kayan lambu marasa sitaci ne, irin su kabeji, alayyahu, latas, kokwamba da tumatir. Ɗaya rabin ta sake tsaga shi biyu, ta ba kifi ko kaza ko ƙwai ko nama marar kitse gefe ɗaya, ta ba abinci mai sitaci ɗaya gefen. Na nuna gefen sitacin da yatsa na ce, “Har da shinkafa?” Ta ce, “Har da ita, amma kada ta wuce girman dunƙulen hannunki.” Na dunƙule hannuna na dube shi, na tuna tulin da na saba zuba wa kaina, wanda ya ninka wannan har sau uku, a nan na gane inda matsalar take.

Bayanin da ta yi mini a wannan zama shi ne ginshiƙin duk abin da na yi daga baya. Ba abin da yake da zaƙi a baki kaɗai ne ke ɗaga suga ba, domin duk abinci mai sitaci, idan ya isa hanji, narkewa yake yi ya koma suga ya shiga jini. Aikin insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna pankiriyas take samarwa, shi ne shigar da wannan suga cikin tsoka da sauran sassan jiki domin su yi aiki da shi. A nau'i na biyu na ciwon, jiki ba ya amsa wa insulin yadda ya kamata, kuma da tafiya ta yi nisa gaɓar da ke samar da shi takan gaza. Saboda haka abin da ake nema shi ne kada a jibga wa jiki sitaci mai yawa a lokaci guda, a rarraba shi a kan abincin yini, a kuma haɗa shi da abin da zai rage masa saurin shiga jini, wato harza (zare-zaren abinci da hanji ba ya narkarwa) da ke cikin ganye da wake da hatsin da ba a cire masa dusa ba, da furotin irin na kifi da ƙwai da nama, da ɗan mai mai kyau. Wannan ne ya sa lemun zaƙi guda da aka ci da harzarsa ya bambanta da kofin ruwan lemu da aka matse, ko da ba a zuba masa suga ba. Tun a 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fitar da ma'aunin da ke jera abinci bisa saurin da yake ɗaga suga, amma ƙwararriyar ta ja hankalina cewa kada in ruɗu da jerin, domin abinci mai tafiyar hawainiya ma idan aka cika faranti da shi zai kai inda mai saurin ya kai. Abu ɗaya tak ta ce in yanke hulɗa da shi, shi ne abin sha mai zaƙi, tunda gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da kimanin giram 35 na suga, kuma babu harza a cikinsa da za ta tare shi.

Na sayi na'urar gwajin suga da ƙaramin littafi. Na riƙa huda gefen yatsa in gwada kafin cin abinci, in sake gwadawa bayan awa 2 da fara ci, in rubuta abin da na ci a gefen lambobin. Mizanin da aka ba ni shi ne wanda Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta tanadar wa yawancin manya, wato tsakanin 80 da 130 kafin abinci, da ƙasa da 180 bayansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo, kuma wannan littafi shi ya nuna mini wuraren da nawa yake yi. Farin burodi da shayi mai madarar gwangwani da safe yakan kai ni sama da 230, amma ƙwai biyu da aka soya da albasa da tumatir cikin mai kaɗan, tare da yanka ɗaya na burodin alkama, ba su cika haura 150 ba. Shinkafa zalla takan ɗaga ni sosai, amma idan na rage ta na cike gurbin da wake, na kuma fara da ganye da kifi kafin in taɓa ta, lambar takan sauko ƙwarai. Abincin da aka dafa ya yi luguf ya fi wanda ya rage ɗan tauri saurin tashi, ayabar da ta nuna tuɓus ta fi wadda ba ta gama nuna ba, kuma tattakin minti 15 bayan abincin dare yana rage lambar fiye da yadda na taɓa zato, saboda tsokar da ke motsi tana janye suga daga jini. Tsinken gwaji ba ya arha, don haka bayan na fahimci halin abincin da na fi ci sai na rage yawan gwadawa, na bar shi ga sabon abinci ko ranar da jikina ya ba ni wata alama.

Duk wannan sani bai amfane ni yadda ya kamata ba sai da na fara tsara abincin mako tun kafin makon ya shigo, kuma a ganina a nan ne mutane da dama suke faɗuwa. Sanin abin da ya dace a ci abu ne mai sauƙi, wahalar tana zuwa ne a lokacin da mutum ya dawo gida a gajiye, cikinsa na ƙugi, babu abin da ke kusa da hannunsa sai burodi ko biskit. Wanda yunwa ta riga ta kama ba ya zaɓe, abin da ya samu shi yake ci. Saboda haka na mayar da shawarar abin da zan ci zuwa lokacin da nake ƙoshe kuma hankalina yake kwance. A ƙarshen kowane mako nakan zauna da takarda in rubuta karin kumallo da abincin rana da na dare na kwana bakwai, in fitar da jerin cefane daga cikinsa, kuma ba na sayen abin da ba ya cikin jerin. Idan an kawo cefanen nakan wanke ganye in yanka kabeji da karas in zuba a robobi masu murfi, in dafa wake mai yawa in kasa shi kashi-kashi in sa a firji, in dafa ƙwai in ajiye, in gasa kifi ko kaza da za su kai kwana biyu ko uku. Na ware kofi ɗaya wanda da shi kaɗai nake auna dafaffen sitaci, domin ido yana da son kai, kuma ludayin da ya ɗebo daidai a farkon mako yakan fara ɗebo fiye da haka kafin makon ya ƙare. A jakata ba a rasa ɗan ƙullin gyaɗa marar gishiri da tuffa guda, saboda ranar da aiki ya riƙe ni.

Tun farko na ƙi yarda a riƙa ɗora tukunya biyu a gidana, ɗaya ta masu lafiya ɗaya ta mara lafiya, domin na ga yadda hakan yake sa mai ciwo ya ji an ware shi, kuma mai girki ba ta jure wa aiki biyu na tsawon lokaci. Abinci ɗaya muke ci, bambancin yana wurin zubawa. Maigidana ya yi ƙorafi a makonnin farko, yakan leƙa kwano ya ce, “Yau ma ganyen ne ya fi yawa?” Nakan ce masa, “Yallaɓai, ga shinkafa nan a tukunya, ƙara abin da ya ishe ka.” Sannu a hankali ya daina ƙarawa, kuma shi ne yanzu yake tuna mini tattakin dare idan na yi nauyin jiki. Na kuma koyi karanta bayanin da ke jikin kwali da gwangwani. Rubutun da ke cewa babu suga a gaban kwalin biskit ba ya nufin babu fulawa a cikinsa, kuma lambar da ke bayan kwalin sau da yawa ta ɗan yanki ce, ba ta kwalin duka ba. Kayan da ake tallatawa da sunan na masu ciwon suga ne, yawancinsu a wurina tsada ce kawai, abin da ke cikin kasuwar kayan lambu ya fi su amfani.

Akwai darasin da na koya game da lokacin cin abinci wanda ba zan manta ba. A watannin farko, da suga ya ƙi sauka yadda ake so, likita ya ƙara mini wani magani mai suna gliclazide, wanda yake sa jiki ya fitar da ƙarin insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Wata rana taro ya ja a wurin aiki har lokacin abincin rana ya wuce, sai na ji hannuna na rawa, gumi mai sanyi ya karyo mini, zuciyata na bugawa da sauri, maganar da ake yi kuma ta daina shiga kaina. Na gwada na ga 61, alhali duk abin da ya gaza 70 faɗuwar suga ce. Na bi ƙa'idar da aka koya mini, na sha rabin kofi na lemo mai zaƙi, kimanin giram 15 na suga, na jira minti 15 na sake gwadawa, da na ga ya hau sai na ci abinci sosai. Abin shan da na yanke hulɗa da shi shi ne ya cece ni a ranar. Metformin shi kaɗai bai cika jawo irin wannan faɗuwa ba, amma duk mai shan irin wancan magani ko mai yin allurar insulin bai kamata ya tsallake abinci ko ya rage sitaci da yawa ba tare da sanin likitansa ba, domin tsarin abinci da adadin magani tare suke tafiya.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne yadda nakan kwanta da lamba mai kyau in tashi da wadda ta fi ta, alhali ban ci komai cikin dare ba. Ashe gab da asuba jiki yakan saki wasu sinadarai da ke shirya mutum ga farkawa, su kuma su sa hanta ta zuba sugan da ta adana. Sanin haka ya hana ni ɗora wa abincin dare laifin da ba nasa ba, kuma na lura cewa rashin isasshen barci da ɓacin rai da zazzaɓi duk suna ɗaga lambar ko da farantin bai canza ba. Wurin taro da tafiya kuwa ban sha wahalarsu sosai ba, domin nakan ci wani abu kafin in fita, in zuba wa kaina da hannuna idan da hali, in riƙe ruwa a hannu saboda kada a miƙo mini lemo. Masu kawo mini garin magani da alkawarin warkewa cikin mako biyu nakan yi musu godiya in ajiye, tunda ban san abin da ke ciki ba, kuma ƙodar mai ciwon suga ba wurin gwaji ba ce.

Nauyina ya ragu a hankali ba tare da na yi yunwa ba, HbA1c ya sauko zuwa 7.6, daga baya ya kai 6.8, wanda yake ƙasa da kashi 7 da ake so yawancin manya su tsaya a kai, har likita ya janye gliclazide ya bar ni da metformin kaɗai. Na taɓa tambayarsa ko zan iya rabuwa da magani gaba ɗaya, sai ya ba ni labarin binciken DiRECT da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, inda kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka ɗora a kan tsattsauran shirin rage ƙiba suka samu sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, kuma a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye adadin ya kai kashi 86. Amma ya jaddada mini cewa an yi wannan ne ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, ga mutanen da ciwon bai daɗe a jikinsu ba, kuma lafawa ce ba warkewa ba, domin idan ƙiba ta dawo ciwon yakan dawo. Ni ban kai ga wannan matsayi ba, kuma ban ɗauki shan ƙwayar magani a matsayin gazawa ba. Alhamdulillahi, ganina ya washe, ina barci har gari ya waye, kasalar bayan abinci ta tafi. Na rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a yini, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, saboda hawan jini da ciwon suga idan suka haɗu zuciya da ƙoda ne suke shan wahala, kuma duk shekara ana duba mini bayan ido da ƙoda da tafin ƙafa.

Da yake ciwon yana bin jini a dangi, na sa babbar 'yata ta je ta yi gwaji, sakamakonta na HbA1c ya nuna 5.9, wato tana cikin matakin gargaɗi da ke tsakanin 5.7 da 6.4. Ta kira ni cikin kuka tana cewa, “Umma, ni ma na kamu ke nan?” Na ce mata ba ta kamu ba tukuna, na kuma gaya mata abin da wani babban bincike na rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka ya nuna a 2002, cewa mutanen da ke wannan mataki waɗanda aka ɗora a kan gyaran abinci da rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka ba metformin, wanda ya ragu da kashi 31. Yanzu a ƙarshen kowane mako takan turo mini jadawalin abincin gidanta ta waya in duba mata, ni ma in tura mata nawa, kuma likitanta ya ce ta koma a sake gwada ta bayan shekara guda.